Mai Gyaran Lagireto

Shekara talatin da ɗaya ina Suame
ina buɗe cikin motocin mutane.
Lagireto ba ya ƙarya.
In ka daɗe kana ɗura masa ruwan rijiya,
farin ɓawo zai kwanta a bututunsa,
yau ƙwaya, baɗi dutse,
mai mota na ta sheƙa gudu a hanyar Techiman
bai san tafasa na jiransa a kan hawa ba.
Sau nawa na ce wa direba, kawo ta da wuri.
Sau nawa ya yi dariya ya ce, ai tana tafiya.

Ni ma ina tafiya.
Ciwon sukari ya same ni shekarar da aka yaye Barikisu,
yau ita ke riƙe mini katin asibiti
tana harara idan na kalli mai koko.
Na saba da huda yatsa da asuba.
Na saba da shayi salam, kamar gaisuwar maƙiyi.
Amma ƙirji? Ƙirjina bai taɓa kai ƙara ba.

Likita Owusuaa ta cire tabarau ta ce,
Baba Mutaru, shirun nan ne ban yarda da shi ba.
Sukari kan toshe bakin ciwo,
zuciya na wahala, ba mai kawo maka labari.
Mu leƙa.

Aka kwantar da ni a gado mai tafiya da kansa,
aka manna mini wayoyi a ƙirji, masu sanyi.
Ba allura, ba wuƙa.
Wata murya a bango ta ce in riƙe numfashi.
Na riƙe.
Na tuna Sumaila, abokin tsimina,
da ya sunkuya ɗaukar sifana ran wata Talata
bai ɗago ba.
Murya ta ce, saki.
Ko tsawon raka'a biyu ba a yi ba.

A allo na ga abin da ban taɓa gani ba:
cikina, baƙi da toka-toka,
da wasu fararen ɗigo a jere
kamar tsakuwa a shinkafar da ba a tsince ba.
Ta nuna da bakin biro.
Wannan alli ne, ya kwanta a jijiyoyin da ke shayar da zuciya.
Muna ƙirga shi. Sifiri muke so.
Naka ɗari uku da goma sha biyu.

Na ce, a wurinmu sai a kwance, a jiƙa, a zura waya.
Ta yi murmushi. Wannan ba ya kankaruwa.
Amma abin da bai riga ya kwanta ba
muna da magana a kansa:
ƙwaya ɗaya kowane dare saboda kitsen jini,
a ja wa hawan jini linzami,
ka riƙa taka ƙasa, ka rage suya.
Lambar ba ranar tafiyarka ba ce, Baba.
Ma'aunin zafi ne a gaban direba.

A toroto, daga Bantama har Aboabo,
Barikisu ta riƙe takardar da hannu biyu
kamar za ta zube.
Ruwan sama ya tare mu a Kejetia,
masu talla suna ta rufe kaya da leda.
Ban ce komai ba.
Ina sauraren wani inji a ƙarƙashin rigata
wanda bai taɓa hutun Juma'a ba,
ban taɓa buɗe masa bonet ba,
ban taɓa ce masa sannu ba.

Na ce wa yaron mota ya sauke mu tun a gada.
Barikisu ta ce, Baba, da saura fa.
Na ce na sani.
Muka taka.

Washegari wani direba ya zo da tsohuwar bas,
ya ce ba komai, ruwa kawai take ɗan sha.
Na ɗora tafin hannu a kan lagireton, da ɗumi.
Na ce, zauna tukuna.
Kashe ta mu gani.